Yadda Ake Cin Abinci a Bistro a Paris Ba Tare da Aljihu Ya Yi Kuka Ba

Masu zuwa Faransa karatu, taro ko sayayya suna yawan yi mini tambaya guda: a ina mutum zai zauna ya ci abincin Faransawa na asali, ba kebab ko shinkafar gidajen abincin 'yan Afirka na unguwar Château Rouge ba, kuma ba tare da ya zubar da kuɗin otal na kwana guda a kan faranti ɗaya ba? Amsar ita ce bistro, wato ƙaramin gidan abinci na unguwa, da kuma bouillon, babban zaure da ake ciyar da ɗaruruwan mutane a farashi mai sauƙi. Sai dai arahar ba ta zuwa da kanta. Mutum biyu za su shiga wuri ɗaya, wannan ya biya Yuro 18, wancan ya biya 40, kuma abin da ya raba su shi ne lokacin da suka zo da abin da suka faɗa a mintuna biyar na farko. Musulmi kuma yana da ƙarin aiki, don alade da giya kan ɓuya a cikin sunayen da ba su ambace su ba. Kalmomin Faransanci da ke nan na bar su yadda ake rubuta su, saboda a haka za ka gan su a kan allon gidan abinci.

1. Zaɓi wurin tun kana waje

Doka ta wajabta wa kowane gidan abinci a Faransa ya manna jerin abincinsa da farashi a waje. Tsayawa a bakin ƙofa kana karantawa ba abin kunya ba ne, kowa haka yake yi. Abin da kake nema shi ne ƙaramin allo da aka rubuta da alli, mai ɗauke da abinci kaɗan, da kalmar formule, wato haɗin abinci mai tsayayyen farashi, ko plat du jour, wato abincin ranar. Jeri gajere na nuna cewa a ranar aka dafa. Idan ka ga ƙaramar alamar tukunya da rufin gida a kanta, ko rubutun fait maison, ana nufin a nan cikin kicin ɗinsu aka girka daga ɗanyen kaya.

Leƙa ta taga kuma ka ga su wa ke ciki. In ma'aikatan ofis ne da tsofaffin unguwa, ka samu wuri.

Gargaɗi: wurin da aka jera hotunan abinci da rubutu cikin harsuna biyar, ga wani a tsaye yana kiran masu wucewa, ka wuce abinka. Irinsu sun yi yawa a kewayen cocin Notre-Dame, da titin la Huchette, da gindin hasumiyar Eiffel. Ka yi tafiyar minti goma ka shiga lungu, farashi zai sauka.

Wanda ba ya son dogon bincike, ya nufi bouillon kai tsaye. Bouillon Chartier, wanda aka buɗe a 1896, yana lamba 7 a titin Faubourg Montmartre, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Grands Boulevards. Bouillon Pigalle yana lamba 22 a boulevard de Clichy, dab da tashar Pigalle. Akwai kuma Bouillon République a boulevard du Temple, da Bouillon Julien a titin Faubourg Saint-Denis. A ganina baƙo ya fara da ɗaya daga cikin waɗannan: sun saba da waɗanda ba sa jin Faransanci, kuma ko ka yi zaɓin da bai yi maka ba, asarar ba ta da yawa.

2. Lokaci shi ne rabin arahar

Bistro ba ya dafa abinci duk yini. Abincin rana daga 12 ne zuwa 2 ko 2:30, sai kicin ya rufe. Na dare yakan fara da 7 ko 7:30, ya ƙare wajen 10 ko 10:30. Ka zo da ƙarfe 4 na yamma da yunwarka, ba abin da za ka samu sai kofi, sai fa in an rubuta service continu a ƙofa, wato kicin ba ya rufewa tsakanin rana da dare.

Farashi mai rahusa na abincin rana ne, daga Litinin zuwa Juma'a. A bistron unguwa a Paris, haɗin abinci kashi biyu yakan kama tsakanin Yuro 16 zuwa 25, a garuruwan da ba Paris ba kuma ya fi haka sauƙi. Wuri ɗaya, kujera ɗaya, da dare sai ka biya kusan ninki. Don haka ka mai da abincin rana babban abincinka, da dare ka sayi burodi da cuku a kanti. Ka isa da 12 daidai ko 12:15. Da ƙarfe 1 wurin ya cika, kuma abincin ranar kan ƙare.

Bouillon daban yake. Chartier na buɗewa kullum daga 11:30 na safe zuwa 12 na dare, farashi ɗaya dare da rana, kuma ba ya karɓar ajiyar teburi. Layi ake bi, da misalin 8 na dare kuwa layin kan fito har titi. Ka je 11:30, ko tsakanin 3 da 6 na yamma, ka shiga ba jira.

Gargaɗi: ƙananan bistro da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi, wasu har Litinin, a watan Agusta kuma masu su kan rufe su tafi hutu na makonni. Sannan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai kusan 10 na dare. Kada hasken gari ya ruɗe ka, ka duba agogo.

3. Shiga da zama

Kalmar farko ita ce Bonjour, da yamma kuma Bonsoir. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa muhimmancin sallama, to haka abin yake a nan: wanda ya shiga ya fara tambaya ba gaisuwa, ya ɓata hidimarsa tun daga ƙofa. Bayan gaisuwa ka faɗi adadinku, pour deux in ku biyu ne, ko ka ɗaga yatsu. Ka tsaya sai an nuna maka teburi, kada ka zaɓa da kanka.

Teburan ƙanana ne, a matse da juna. A bouillon ma za a iya zaunar da kai tare da mutanen da ba ka sani ba. Ka gaishe su, kowa ya ci nasa. In kana tare da iyali kuma ba kwa son haka, ka faɗa tun a ƙofa, sai dai jiran zai ƙaru. A Chartier akwai marataya ta tagulla a saman kujeru don jaka da rigar sanyi. Babban akwatin tafiya kuwa ka bar shi a masauki.

An hana shan taba a ciki tun 2008, amma a kujerun waje ana sha. Wanda hayaƙi ke damu ya zauna ciki.

Gargaɗi: kada ka kira sabis, wato mai kawo abinci, da kalmar garçon, kada ka tafa masa hannu, kada ka yi masa tsaki ko "sss". Ka haɗa ido da shi, ka ɗan ɗaga hannu, ka ce Monsieur ko Madame, s'il vous plaît.

4. Ruwa da burodi

A nan ake fara yi wa baƙo asara. Sabis zai tambaye ka, plate ou gazeuse? Ma'ana, ruwa marar gas ko mai gas. Duk wanda ka zaɓa a cikin biyun, na kwalba ne, kuma zai iya cin Yuro 5 zuwa 7. Amsar da za ka ba shi ita ce: une carafe d'eau, s'il vous plaît. Zai kawo ruwan famfo a tulun gilashi, kyauta, kuma dole ne su ba wanda ya yi odar abinci. Ruwan famfon Paris mai tsabta ne, shi Faransawan da ke teburin kusa da kai suke sha. In ya ƙare ka nemi ƙari.

Burodi ma kyauta ne, ana kawo shi yankakke a ɗan kwando, ba bota. A kan teburi ake ajiye shi gefen faranti, a gutsura da hannu, a kuma share miya da shi.

Za a tambaye ka ko kana son apéritif, abin sha na buɗe ciki, wanda galibi giya ne. Non merci ya wadatar, babu mai yi maka kallon mamaki. Lemon kwalba ɗaya kuwa Yuro 4 ne ko 5, kusan kuɗin kayan zaƙi. Ni dai ruwa nake sha in ci kayan zaƙin.

5. Gane takardar abinci

La carte ita ce cikakken jeri, kowane abinci da farashinsa. Menu ko formule kuwa haɗi ne mai tsayayyen farashi. Abincin kashi uku ne: entrée, ɗan abin buɗe ciki, plat, babban abinci, dessert, kayan zaƙi. Yawanci za ka ga an rubuta entrée + plat ou plat + dessert da farashi ɗaya, sannan ukun gaba ɗaya da ƙarin Yuro 3 zuwa 5. Biyu sun ishi yawancin mutane.

Ba dole ba ne ka ɗauki haɗi. Plat du jour shi kaɗai da ruwan famfo shi ne mafi arahar abin da za ka ci a zaune. Abin da ba a so shi ne mutum biyu su kama teburi a tsakiyar cunkoson rana su yi odar faranti ɗaya.

A bouillon babu haɗi, kowane abu da kuɗinsa, amma kuɗin kaɗan ne: abin buɗe ciki daga Yuro 2 zuwa 5, babban abinci wajen 10 zuwa 14, kayan zaƙi 3 zuwa 5. Da Yuro 20 zuwa 22 ka ci kashi uku. Ga 'yan Nijar, Kamaru da Chadi lissafin a tsaye yake, tunda Yuro 1 sefa 655.957 ne: Yuro 20 ya ɗan haura jaka 13. Mai naira ko sidi ya duba canjin ranar.

Gargaɗi: ka lura da kalmar supplément ko ɗan rubutu kamar +3 € a gefen wani abinci cikin haɗin. Ƙari ne a kan farashin. Haka kuma boisson non comprise na nufin abin sha ba ya ciki.

6. Alade da giya: kalmomin da za ka haddace

Wannan matakin ya fi kowane muhimmanci, don girkin bistro ya ginu ne a kan waɗannan abubuwa biyu. Kalmar porc kowa zai gane ta. Matsalar ita ce sauran: jambon, lardons, lard, saucisse, saucisson, andouillette, boudin, rillettes, charcuterie, petit salé, échine, travers. Duk alade ne, ko kuma ka ɗauke su a haka sai an tabbatar maka da akasi. Pâté da terrine, ko da an rubuta na agwagwa ne ko na zomo, galibi ana haɗa su da kitsen alade. Filet mignon a Faransa yawanci naman alade ne, ba na sa ba, wannan kuwa ya sha kama mutane.

Akwai kuma abincin da sunansa bai nuna komai ba. Quiche lorraine da croque-monsieur da tartiflette da choucroute da cassoulet duk da alade a ciki. Salak ma ba a sake jiki da shi: frisée aux lardons da salade lyonnaise da salade parisienne suna ɗauke da shi. Miyar lentilles, wani ƙaramin wake, sau da yawa da gutsattsarin alade ake dafa ta. Wanda tafiya ta kai shi birnin Lyon ya ƙara kula, don gidajen abincinsu na gargajiya, da ake kira bouchon, alade ne ƙashin bayan girkinsu.

Ta ɓangaren giya: bœuf bourguignon da coq au vin a cikin jar giya ake dafa su, kuma da alade a ciki. Moules marinières da farar giya ake yi. Miyar albasa, soupe à l'oignon, ita ma ana yawan zuba mata. Duk inda ka ga au vin, marchand de vin, flambé, cognac, porto, madère ko beurre blanc, da giya a miyar. Miyar barkono da ake zuba wa nama, sauce au poivre, galibi da cognac ake haɗa ta.

Saura batun yanka. Naman sa, kaza da rago na bistro ba yankan halal ba ne, sai in an rubuta. Malamai sun yi saɓani kan yankan Ahlul Kitabi a irin waɗannan ƙasashe, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Wanda yake son kauce wa shakka gaba ɗaya, ƙwai da kifi da ganye sun ishe shi, kuma ba cin wahala ba ne, suna cikin abin da bistro ya fi iyawa.

A buɗe ciki akwai œufs mayonnaise, dafaffen ƙwai da mayonis, wanda shi ne tambarin bouillon, poireaux vinaigrette, wani ganye ɗan'uwan albasa da aka dafa ya yi laushi, carottes râpées, gurzajjen karas, céleri rémoulade, da harengs pommes à l'huile, kifi da dankalin Turawa cikin mai. Escargots dodon koɗi ne da bota da tafarnuwa, ga mai iya ci. A babban abinci ka nemi bar, daurade, saumon, cabillaud ko truite, duk kifaye ne. Brandade de morue kifi ne mai gishiri da aka kirɓa da dankali aka gasa, yana da riƙe ciki ƙwarai. Omelette ma akwai, amma ka ce nature, wato zallar ƙwai, ko au fromage, mai cuku, don mixte da jambon take zuwa.

Jimloli biyu za ka riƙe: Je ne mange pas de porc, ba na cin alade, da Est-ce qu'il y a du vin dans la sauce?, ko akwai giya a miyar. In harshe ya ƙi, ka rubuta su a waya ka nuna.

Gargaɗi: cewa "ba alade" kaɗai ba ya isa. Wani sabis ɗin a ransa gutsattsarin lardons a cikin salak ba nama ba ne, kayan ɗanɗano ne. Ka ambace su da sunansu: sans porc, sans lardons, sans jambon.

7. Yin oda

In ka gama zaɓa, ka rufe takardar ka ajiye. Muddin tana buɗe a hannunka sabis zai ɗauka ba ka shirya ba. Ana faɗin abin buɗe ciki da babban abinci tare, kayan zaƙi sai daga baya. A Chartier sabis zai rubuta odarka da biro a kan takardar da aka shimfiɗa a teburi. Kada ka yage ta ko ka jiƙa wurin, a nan zai yi lissafi.

Mai cin naman sa za a tambaye shi yadda yake son gashin. Bleu kusan ɗanye ne, saignant da jini, à point cikinsa ja-ja. Wanda ya tashi da tsire da balangu, bien cuit zai ce, in ya ga dama ya ƙara da très. Tartare kuwa niƙaƙƙen nama ne ɗanye da ba a ɗora a wuta ba sam, carpaccio ma ɗanye ne. Kifi ma ana yin tartare ɗinsa.

Mai larurar da ke hana shi cin gyaɗa, madara ko alkama ya ce allergie. Dole ne gidan abinci ya tanadi bayanin irin waɗannan sinadarai a rubuce.

8. A kan teburi

Ba a gaggawa. A bistro abincin rana kan ɗauki kusan awa guda, na dare ya fi haka. Bouillon ne kawai ake sauri, don akwai masu jira a layi.

Faransawa na riƙe cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama. In ba ka cin abinci da hagu, ka yanka abin da za ka ci, ka ajiye wuƙa, ka mai da cokalin dama. Babu wanda zai kula. Idan ka gama, ka jera wuƙa da cokali tare a kan faranti, alamar a ɗauke ke nan.

Abincin ba yaji. Gishiri da masoro ne a teburi, sai wani lokaci mustad. Ɗan ƙullin yaji a aljihu ba laifi ba ne, ka barbaɗa abinka a hankali. Abincin waje ko abin sha dai ba a shigowa da su. Ka kuma rage murya, musamman a waya, teburin maƙwabcinka taƙi ɗaya ne tsakaninku.

In abinci ya rage, ka nemi a zuba maka: à emporter. Tun watan Yulin 2021 doka ta tilasta musu ba da mazubi ga wanda ya nema.

9. Kayan zaƙi da kofi

Crème caramel, île flottante, riz au lait, tarte aux pommes da profiteroles su ne na gargajiya. Baba au rhum da crêpe Suzette da giya ake yin su, tiramisu ma wani lokaci. Panna cotta da bavarois kuma da gélatine ake daskarar da su, wadda sau da yawa daga alade take.

In ka ce un café, ɗan mitsitsin kofi baƙi mai ɗaci za a kawo, kurɓa biyu. Mai son madara ya ce café crème, amma ya fi tsada. Noisette shi ne ƙaramin da ɗigon madara, kusan farashinsu ɗaya da baƙin. Shayi ruwan zafi ne da jakar ganye, a kan Yuro 4 ko fiye, bai kai kuɗinsa ba. A wurare da dama kofin da ka sha a tsaye a kanta ya fi na teburi araha.

10. Biya da fita

Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, don a wurinsu kawo shi ba a tambaya ba kamar kora ce. Ka ce l'addition, s'il vous plaît. In kana sauri, ka tashi ka je kanta ka biya.

Farashin da ka gani a allo shi ne za ka biya, haraji da kuɗin hidima duk suna ciki, shi ne ma'anar service compris. Tukuici ba dole ba ne. In hidimar ta yi maka, ka bar Yuro 1 ko 2 a kan teburi. Wasu na'urorin kati yanzu suna nuna zaɓin ƙara kashi 5 ko 10 cikin 100, kana iya tsallakewa.

Ka duba takardar kafin ka miƙa kuɗi: an sa farashin haɗi, ko an lissafa kowane faranti daban? An sa ruwan kwalba alhali na famfo ka sha? Kuskure ne da kan faru a cunkoso, ka nuna cikin ladabi za a gyara. In ku da yawa ne kuma kowa zai biya nasa, ka ce séparément, sabis zai bi ku ɗaya bayan ɗaya da na'ura.

Gargaɗi: ka gwada katin bankinka a wani wuri kafin ka zauna cin abinci, don ba kowane katin gida ke aiki a waje ba, wasu wuraren kuma suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa da kati. In na'urar ta ba ka zaɓi tsakanin Yuro da wani kuɗin, ka zaɓi Yuro, canjin na'urar ya fi na bankinka tsada. Ka riƙe takardun 10 da 20 a aljihu. Miƙa takardar Yuro 100 ko 200 a kan abincin 18 kan jawo a ce maka ba canji. In ka karɓi rasit, ka ce merci, au revoir kafin ka fita.